Sauko da Biri Ƙasa: Kundin Aikin Sayar da Motocinmu ta Intanet

6 ga Janairu

Yau maigida ya kira ni ofis ya danƙa mini aikin da na daɗe ina naci a kansa. Ya ce in karɓi ragamar tallan motocinmu ta intanet, in gyara shi daga tushe, kuma ya ba ni wata huɗu. Har na kai bakin ƙofa ya ce, "Amma ka sani fa, ba a cinikin biri a sama. Mota sai an taɓa ta, an shiga, an ji kukan injinta." Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarka ce. Ni aikina in sauko da birin."

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta abin da muka gwada, da wanda ya ci, da wanda ya ƙi ci, kada wa'adi ya cika mu zauna muna gardama kowa da abin da ya tuna.

Ga halin da na tarar. Motoci 34 ne a fili, 19 ne kawai aka tallata. Kowace hotonta uku ko huɗu, duk an ɗauka rana tsaka, gilas na ƙyalli har ba a ganin ciki. Babu farashi ko ɗaya, sai "a kira don ƙarin bayani". Biyu daga cikin waɗanda muke tallatawa ma an daɗe da sayar da su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu saye yanzu da waya a hannu suke shigowa, sun riga sun leƙa mota goma a wasu wurare, sun san wadda suka zo gani. Wanda bai gan mu a wayarsa ba, ko hanyar ƙofarmu ba ya biyowa.

14 ga Janairu

Mako guda cur na yi ina bin motocin ɗaya bayan ɗaya da littafi a hannu, ina kwafe lambar shasi, wadda ake kira VIN. Tun 1981 aka tsayar da ita a kan harufa da lambobi 17, kuma ba a sa I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da kuma jikin takardar da ke manne a bakin ƙofarsa. Ukun farko su ke nuna wanda ya ƙera motar. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka da Kanada, harafi na goma shi ne shekarar samfurin: A 2010 ce, B 2011, haka har gaba.

A nan na ci karo da abin da ya sanyaya mini jiki. Wata mota da muka rubuta 2015 a talla, harafinta na goma D ne, wato 2013. Ba wanda ya yi da gangan. Haka aka faɗa mana ranar da muka saye ta, mu kuma muka rubuta. Amma mai sayen da ya iya karanta lambar ba zai tsaya tambayar niyyarmu ba. Zai ce maƙaryata ne, ya wuce abinsa, mu kuwa ba za mu taɓa sanin ya leƙo ba. Na gyara tallan, maigida ya sauke farashin daidai da shekarar.

Hukumar NHTSA, mai kula da lafiyar motoci a hanyoyin Amurka, tana da shafi da ake zuba VIN kyauta a ga ko kamfani ya taɓa kiran motar don gyara ba a kai ta ba. Duk wanda ya san labarin jakunkunan iska na kamfanin Takata, masu kumbura su kare mutum in an yi haɗari, waɗanda aka yi kiranyen kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai saboda suna iya fashewa su watso ƙarfe, ba zai raina wannan dubawar ba. Na duba duk waɗanda suka fito daga can, na rubuta sakamakon a takardar kowace.

25 ga Janairu

Hoto. A nan muka fi shan wahala.

Mun ware kusurwa ɗaya mai bango fari, babu tarkace, babu wata mota a baya. Da sassafe muke ɗauka ko da yamma lis, lokacin da haske ya yi laushi. Yaron da ke riƙe waya na koya masa abu uku: ya goge idon kyamara kafin ya fara, ya tsuguna daidai tsayin fitilar mota, kuma kada ya yi amfani da idon nan mai faɗi, don yana kumbura gaban mota ya tsuke bayanta. Kowace mota hoto 24, a jere iri ɗaya. Gaba a karkace, gefe biyu, baya, tayoyi huɗu kowace ita kaɗai, kujerun gaba da na baya, but, ƙarƙashin bonet, ƙarƙashin motar kanta. Sai dashbod da injin a kunne, don a ga kilomitar da ta ci, a kuma ga babu wata fitilar gargaɗi da ta tsaya a kunne.

Rigimar ta taso ne a kan hotuna na ƙarshe. Na ce duk inda aka sami ƙarzuwa ko lotsawa ko yagewar kujera, a ɗauke shi kusa da kusa, a ajiye makullin mota a gefensa don a gane girmansa. Dattijon da ya fi kowa daɗewa a cikin masu sayarwarmu, wanda a hannunsa na koyi ciniki, ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Kai yaro, wa ka taɓa gani yana tallan hajarsa da aibinta?" Na ce, "Baba, ai in ya zo zai gani. Gara ya gani yana gidansa ya yanke shawara, da ya yi doguwar tafiya ya zo ya gani a gabanmu." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da ya tarar da lotsawar da ba a faɗa masa ba, daga nan ba lotsawar yake kallo ba, tunaninsa ya tafi kan sauran abin da aka ɓoye masa a cikin injin. Dattijo bai gamsu ba, amma ya bar ni.

Wani ƙaramin abu: WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau. In mai saye ya nemi ganin wuri da kyau, a matsayin fayil muke turawa.

3 ga Fabrairu

Farashi. Maigida yana tsoron abu biyu: abokan hamayya su gani su sauke nasu, kuma a rasa damar taya da sallamawa, inda gwanintar dillali take. Na nuna masa a wayata yadda mai nema yake tace motoci da iyakar kuɗinsa. Tallan da ba shi da farashi sau da yawa ko fitowa ba ya yi a irin wannan neman. Na kuma ba shi labarin CarMax, kamfanin sayar da tsofaffin motoci, wanda tun 1993 ya gina kasuwancinsa a Amurka a kan farashi ɗaya rubutacce, ba ciniki. Ba mu kai can ba. Mun tsaya a kan mu rubuta farashin gaskiya, a bar ɗan wurin ragi kaɗan, mu gwada da motoci goma.

Cikin kwana biyar saƙonnin da ke shigowa a kan goman nan sun sauya kama. Da "nawa ne?" kawai ake turowa, a faɗa, mutum ya ɓace. Yanzu masu turowa sun ragu, amma tambayarsu ita ce yaushe za su zo su gani, ko an taɓa buɗe injin.

12 ga Fabrairu

A 1970 wani masanin tattalin arziki, George Akerlof, ya yi rubutu a kan kasuwar tsofaffin motoci, kuma yana cikin aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. Abin da ya ce duk wani dillali ya san shi a jikinsa. Mai sayarwa ya san halin motarsa, mai saye bai sani ba. Tun da bai iya bambance mai lafiya da mai ciwo, sai ya taya duka da farashin tsaka-tsaki. Mai mota lafiyayya ya ga an raina kayansa ya janye, kasuwa ta cika da gyauro. A intanet abin ya fi tsanani, don mai saye ko ƙofa ba ya iya buɗewa ya ji nauyinta. Mu da motocinmu suke da lafiya, mu wannan duhun ya fi cuta.

Don haka ni da bakanikenmu muka tsara takardar bincike shafi ɗaya, wadda za ta bi kowane talla. Yana jona na'urar bincike a soket ɗin OBD mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a na Turai masu fetur kuma tun 2001. Duk lambar matsala da ta fito muna rubuta ta. Ya nuna mini wata dabara da ban sani ba: wasu suna goge lambobin kafin su sayar don fitilar injin ta mutu, amma na'urar tana nuna cewa gwaje-gwajen da kwamfutar mota ke yi wa kanta ba su kammala ba, sai motar ta yi tafiya sosai suke dawowa. Saboda haka hoton wannan shafin ma muna sawa, mai saye ya ga ba mu goge komai jiya ba.

Taya kuma, lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ke gefenta mai farawa da DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Muna rubuta wannan da zurfin zanenta. A dokar Turai in ya gaza milimita 1.6 tayar ta gama aiki. Mun kuma sayi ɗan ma'aunin kaurin fenti. Fentin kamfani yawanci tsakanin maikiron 100 zuwa 200 yake (maikiron dubu ne milimita ɗaya), to in ƙofa ɗaya ta ninka 'yan'uwanta sau uku, an taɓa yi mata aiki. A mota biyu ya tona mana gyaran da mu kanmu ba mu sani ba. Mun rubuta.

21 ga Fabrairu

Mun yi asarar ciniki, kuma laifinmu ne. Wani ya turo saƙo da daddare yana son wata mota, yana tambaya ko tana nan. Ba wanda ya amsa sai washegari da rana ta take. Ya ce, "Allah ya ba da kasuwa, na riga na ba da kafin alƙalami a wani wuri."

A 2011 mujallar Harvard Business Review ta buga wani bincike a kan haka. Kamfanonin da suka nemi mai tambaya cikin awa ɗaya sun fi waɗanda suka ƙara ko da awa guda samun magana mai ma'ana da shi kusan sau bakwai. Mai neman mota a waya ba mu kaɗai ya tura wa saƙo ba, kuma wanda ya fara amsawa da bayani cikakke shi ake fara zuwa wurinsa.

Mun koma lamba ɗaya a WhatsApp Business, mun zuba duk motocin a kundin hajarsa, mun raba kwanaki tsakaninmu mu uku. Saƙon da ya shigo bayan an tashi aiki yana samun amsa nan take da ke faɗa masa ƙarfe nawa mutum zai kira shi, kuma dole a cika alkawarin. Na hana amsa da kalma ɗaya. In an ce "tana nan?", sai a ce tana nan, ga takardar bincikenta, ga bidiyo, yaushe za a zo, ko a yi kiran bidiyo?

2 ga Maris

Na gwada tallan da ake biyan kuɗi a intanet, na bar shi a buɗe ga kowa da kowa. Dubban mutane sun kalla, yabo ya yi yawa, ba wanda ya zo. Na tsayar. Nan gaba mota ɗaya, talla ɗaya, ga mutanen da ke nisan da za su iya zuwa su koma a yini guda.

15 ga Maris

Yau muka sallama mota ta farko ga wadda ba ta taɓa taka filinmu ba.

Wata Hajiya ce, tafiyar yini guda tsakaninmu da ita. Kwana uku tana tambaya, kuma ta karanta takardar binciken layi bayan layi. Ta ce tana son kiran bidiyo da sassafe, kada kowa ya tayar da motar kafin ta kira. Da na buɗe bonet sai ta ce, "Ɗan nan, ɗora tafin hannunka a kan injin, ka bar shi a nan in gani." Na ɗora. Ƙarfen sanyi ƙalau, har da raɓa a jikin bonet. Ta ce to, wani ya tayar, kai kuma ka koma baya ka nuna mini salansa. Ta san abin da take nema. Hayaƙi shuɗi alamar injin na cin baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwan lagireto ne ke shiga inda bai kamata ba, baƙi kuma mai ne ya yi yawa. Ɗan tururi ya fito ya ɓace, injin ya daidaita. Sai ta sa na jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, na ɗaga shimfiɗar ƙasa, na haska mata ƙarafan da kujera ke gudu a kai, don motar da ambaliya ta taɓa ci a nan take barin laka da tsatsa.

Daga nan ta ce in kai ta wurin ƙarzuwar nan ta bambar baya da ta gani a hoto. Na kai wayar, na bi ƙarzuwar da yatsa. Ta yi ɗan shiru ta ce, "Daidai take da yadda kuka nuna. Saboda hoton nan na kira ku, duk sauran da na gani motocinsu kamar ba a taɓa hawa ba." Dattijonmu yana tsaye a bayana, ya ji da kunnensa. Bai ce komai ba.

Ta turo bakanike nata na kanta ya zo ya duba, muka ba shi makulli da wuri. Kuɗi ya shiga asusun kamfani, rasit ya fita ɗauke da VIN, muka ɗauki bidiyon motar ta kowane gefe kafin a ɗora ta a motar jigila.

24 ga Maris

Rana mai nauyi. Wani bawan Allah mai furfura ya shigo da fara'arsa, ya nuna mana hoton motarmu a wayarsa, ya ce ya zo ɗauka, ya biya kafin alƙalami tun shekaranjiya. Hotunan namu ne, har da bangonmu fari. Wani ne ya kwashe su ya buɗe talla a wani dandali da farashi mai arha ƙwarai, ya ce masa masu so sun yi yawa, ya yi sauri ya tura wani abu. Lambar yanzu a kashe take. Na ga yadda fuskar mutumin ta sauya lokacin da ya gane. Maigida ya zaunar da shi, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, Allah ya mayar maka da alheri," ya sa na raka shi ya kai rahoto da duk shaidar da ke wayarsa.

Hotunan da na yi wahala in kyautata su ne suka zama makamin ɗan damfara, kuma wannan ya tsaya mini a rai. Yau ɗin nan muka bi duka muka buga sunanmu da lambarmu a tsakiyar kowane hoto, a jikin motar, inda ba za a iya yankewa ba. A ƙarƙashin kowane talla mun rubuta cewa asusunmu ɗaya ne kuma da sunan kamfani yake, ba ma karɓar kuɗi da sunan mutum, kuma duk mai shakka ya nemi kiran bidiyo a nuna masa VIN a jikin gilas. Ta ɓangarenmu ma mun ɗaure: hoton rasit ba kuɗi ba ne, makulli ba ya fita sai akawu ya ga kuɗin a asusu da idonsa.

7 ga Afrilu

Mota ta uku da muka tura nesa ta dawo. Mai ita ya kira a rana ta biyu, ya ce in ta yi tafiya mai tsawo ta ɗau zafi, giya tana fizga. Gwajin tuƙinmu na minti goma ne a kusa, bai isa ya fito da wannan ba. Na shiga wurin maigida da faɗuwar gaba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Mu muka ce masa lafiyarta ƙalau. A dawo da ita, a mayar masa da kuɗinsa, jigila a kanmu."

Wannan ya tilasta mana rubuta ƙa'idar mayarwa, wadda ya kamata a ce da ita muka fara. Carvana, kamfanin sayar da mota ta intanet a Amurka, kwana bakwai yake bai wa mai saye. A Tarayyar Turai doka ce ta bai wa wanda ya sayi kaya daga nesa kwana 14 ya fasa. Sai dai na karanta wa maigida ɗaya gefen labarin ma. Cazoo na Ingila, da aka kafa a 2018 don sayar da mota ta intanet zalla, ya durƙushe a 2024, kuma a farkon shekarar Vroom na Amurka ya rufe nasa cinikin. Kuɗin talla da jigila da gyaran motoci sun fi ƙarfin ribar da kowace mota ke kawowa. Mu ƙanana ne, alkawarin da ya fi ƙarfinmu zai karya mu. Mun tsaya a kan kwana uku da iyakar kilomita, a rubuce, ga wanda ya saya bai gani ba. Gwajin tuƙi kuma ya koma rabin awa, dole a hau babbar hanya, dole injin da giya su ɗau zafi sosai kafin bakanike ya sa hannu.

Mutumin bai tafi wani wuri ba. Ya ce a nuna masa wata.

26 ga Afrilu

Saura kwana goma wa'adina ya cika. Duk motar da ke fili yanzu tana da talla, da farashi, da takardar bincike, kuma wadda aka sayar ana sauke tallanta kafin ta fita ƙofa. Mun gyara bayananmu a taswirar Google, mun fara roƙon waɗanda suka saya su rubuta abin da suka gani, mai daɗi da marar daɗi. Wani ya rubuta ƙorafi a kan jinkirin takardu. Gaskiya ya faɗa, mun amsa masa a fili, mun kai masa takardunsa.

Shekaranjiya na hango dattijonmu riƙe da waya yana kiran bidiyo da wani. Ya tsuguna a gefen ƙofar baya yana cewa, "Alhaji, kafin mu je ga injin, bari in fara nuna maka inda aka taɓa yi mata fenti."

Abin da ya rage da yawa. Akwai motoci huɗu da suka haura kwana 90 a fili, hoto mai kyau bai motsa su ba, kuma ina ganin farashinsu ne bai yi daidai da kasuwa ba. Wannan zama ne da maigida ranar da na ga fuskarsa a sake. Masu son kawo tsohuwar motarsu a yi musaya sun fara tambaya ko za mu iya yi mata kuɗi ta hoto, ban kuma yarda mu fara ba sai mun tsara irin hotunan da za mu nema daga gare su. Gobe da asuba motoci biyar za su iso. Bakanike ya ce biyu zai iya gamawa a yini, don haka biyu za su hau intanet jibi, ukun su jira layinsu.